Tsuntsun da Aka Ce Sahabi ne Ya Turo

Tun da na dawo daga Kabi ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Kowa ya shigo sai ya ja kujera ya ce, wai da gaske ne na bar maigida da yara a Zariya, na nemi izinin mako guda, na tafi har Argungu saboda tsuntsu ɗaya? Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Waɗanda suka san ni sun san cutata. Shekara biyar ke nan ina yawon bakin madatsar ruwa da gefen gonaki da wata tsohuwar kyamara mai dogon baki da na saya a hannu, ina ɗaukar hoton tsuntsaye, in dawo gida in buɗe littafi in nemo sunansu. Muna da zaure a waya, mu masu irin wannan larura daga garuruwa daban-daban, wanda hoto ya gagare shi sai ya tura a taya shi dubawa. Ɗalibaina suna ce mini Uwar Kurciya a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba.

Ranar wata Asabar yayata Asabe ta kira ni daga Birnin Kabi, muryarta ba daɗi. Mijinta, Yaya Umaru, tun da ya bar aikin gwamnati ya koma noman rani a fadamar Argungu, a gonar da suka gada suka raba shi da ƙaninsa Sahabi. Bara sun yi cacar baki a kan injin ban ruwan da suke tarayya, har Sahabi cikin fushi ya ce masa, "Za ka gani." Bayan nan ƙafar Yaya Umaru ta kumbura ya yi wata guda a kwance. Bana kuma da ya zuba irin shinkafa, sai ga wani tsuntsu yana sauka a cikin irin kullum da safe, ƙafafunsa ɗaure da wasu abubuwa ja da fari kamar murjani. Wani a majalisa ya ce ai wannan ba tsuntsun Allah da Annabi ba ne, ture ne. Daga ranar Yaya Umaru bai sake taka gonar ba, 'yan ƙwadago ma suka ƙi shiga, ga iri ya isa dashe yana neman wucewa. Abin da ya fi tayar wa Yaya hankali shi ne mijin nata ya kai magana wurin kawunsu, an tsayar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sahabi zai dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ya turo ba.

Ta turo mini hoton da wani ya ɗauka da waya daga nesa. Wallahi da ba a ce mini tsuntsu ba ne, cewa zan yi tsumma ne a kan kara. Amma da yake ina ji da kaina, nan take na ce mata, "Yaya, ki ce masa tsuntsu ne kawai." Ta ce, "Hajara, wane iri? In kin san sunansa faɗa mini in faɗa masa." Ni kuwa ban sani ba. Ranar Litinin da asuba ina tasha.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau kowa ya san yadda ake bin ta yanzu: ba mai hira, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Sai da muka wuce Talatar Mafara aka fara buɗe ledar gyaɗa ana miƙa wa juna. A Sakkwato na canja mota, na samu wuri kusa da wata hajiya mai fataucin albasa, wadda tun kafin mu fita gari ta san sunana da na mijina da yawan 'ya'yana. Jakar kyamarar da na rungume ce ta tsone mata ido. Da na ce mata hoton tsuntsaye nake ɗauka, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Saida su kika yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To ci kika yi?" Na ce a'a, sunansu kawai nake nema. Ta juya ta kalli taga, can ta ce, "Allah shi ba ki lahiya, ɗiyata."

A shingen da ke kan iyakar Sakkwato da Kabi aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami'in da ya zo kaina ya ciro madubin hangen nesa da dogon bakin kyamara, fuskarsa ta canja, ni ma kuma ban ga laifinsa ba a wannan zamani. Na kunna masa kyamarar na ce ya duba da kansa. Ya yi ta dannawa: balbela, zalɓe, hazbiya, kirinjijiya, shamuwa a kan rimi. Da ya zo kan zakaran ƙeƙuwa sai ya yi murmushi ya kira abokin aikinsa, ya ce irin wannan ne yake hana su barci a ƙauyensu. Suka tsaya gardamar sunan wani ɗan tsuntsu har direba ya fara huci, hajiya mai albasa tana cewa ai ta faɗa, yarinyar nan sai addu'a. Daga Aliero zuwa Jega warin albasa ya raka mu, na isa Gwadangaji, unguwar su Yaya, a keke mai ƙafa uku gab da magariba, mayafina yana ƙamshin miya.

Yaya ta rame. Shekara ashirin da wani abu a Kabi sun juya mata harshe, har nakan tsokane ta da cewa ta sayar da Zazzaganci ta sayi "munka" da "sunka", amma ranar ba ta da bakin ramawa. Ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar sure, mai tsamin da sai da na runtse ido a loma ta farko, a ta biyar kuwa na nemi ƙari. Mu a Zariya shinkafa abincin rana ce, su can da ita ake kwana da ita ake tashi.

Tsakanina da Yaya Umaru akwai wasan ƙanwar mata da mijin ya, kullum muka haɗu sai ya ce ga mai kiwon abin da ba nata ba. Wannan karon da na gaishe shi na ce na zo ganin baƙon nasa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza. Gonaki nawa na cikin hwadamar ga? Don mi sai tawa?" Na ce ya bari in gani da idona tukuna.

Maƙwabciyarsu Maman Ishaku, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ita ta ara mini dogon takalmin roba, ta ce in na ga aljanin in gaishe shi. Da sassafe ranar Talata Yaya Umaru ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa, muka bi ta Zauro, hagu da dama shinkafa kore shar, injuna suna ta ƙugi. Da muka isa bakin wani rafi a bayan Argungu ya kashe mota ya ce iyakarsa nan. Ya haɗa ni da wani tsoho masunci, Baba Manu, ya ce ya ƙetare da ni.

Baba Manu bai tambaye ni ko ci nake yi ko sayarwa ba. Da na kwatanta masa tsuntsun sai ya ce, "Na san su. Da sanyi suka zakkuwa, kamin ruwan sama su tahi. Tun ina yaro nika ganinsu. Mai abu ga ƙahwa dai ban taɓa gani ba sai wanga." Ya ce kada in nuna su da yatsa, kada in tsaya a miƙe, in zauna a bayan gorunan kamun kifinsa in yi kamar kaya. Ni da nake koyar da kimiyya na zama kaya a cikin kwalekwale.

Daga inda ya tsayar da jirgi sai an ɗan taka. Taku na uku laka ta riƙe takalmin Maman Ishaku, ƙafata ta fito ita kaɗai, na tafi gaba ɗaya na zauna daɓas a cikin taɓo, hannuwana biyu a sama riƙe da kyamara. Baba Manu ya kawar da kai don kada in ji kunya, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. A zaunen nan na ga tsuntsayen. Sun kai goma sha, a gefen fangalin irin Yaya Umaru inda ruwa ya kwanta iya idon sawu. Jikinsu bai fi na hazbiya da yawa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, ga dogayen ƙafafu, ga baki dogo miƙaƙƙe, gindinsa ja-ja, tsininsa baƙi. Da ɗaya ya buɗe fiffike na ga farin layi da baƙar jela. Na san su a littafi, baƙi ne masu zuwa daga Turai, ban dai taɓa ganinsu ido da ido ba. Sai ga mai zobban ya fito fili. Ban tashi daga cikin lakar ba, na yi ta dannawa har yatsana ya gaji.

Hoto ya fito tar. Ƙafar hagu zobe ja a sama fari a ƙasa, ta dama rawaya da wata 'yar tuta, can ƙasa kuma zoben ƙarfe mai lambobi. Na taɓa karanta cewa masu binciken tsuntsaye suna sa irin waɗannan don su gane inda suke zuwa. Na koma mota ina tafe ina ɗigar taɓo, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Yaya Umaru ya sa tabarau ya karɓi kyamara. Na ƙara masa girman hoton ina ta zuba bayani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Har da rubutu. Malama, Allah shi saka miki da alheri. Da can zato nika yi, yanzu na gani da idona." Ashe shi lambobin nan rubutun asiri ya ɗauke su. Na ce Turawa ne suka sa, ya ce wane Bature ne zai bar aikinsa ya bi tsuntsu yana ɗaura masa murjani. Ni ma da ke gabansa abin da nake yi bai fi haka ma'ana ba a idonsa. Ya ce in tura masa hoton a waya ya nuna wa kawu ranar Juma'a. Na ce ba zan tura ba. Har muka iso gida bai sake yi mini magana ba. Garin neman gira na tsone ido, na zo kashe wuta na zuba mata fetur, kuma da kuɗin motata.

Na tura hoton zaurenmu na ce don Allah duk wanda ya san inda ake kai irin wannan ya taimaka, maganar ta fi ƙarfin sha'awa. Wani malami a Jos ya ce zai aika wa masu ajiye bayanan zobban, amma amsa takan ɗauki kwana biyu, takan kuma ɗauki wata biyu.

Ranar Laraba Yaya ta ce za ta kai ni kasuwar Argungu sayen bandar kifi. Mun saya ɗin, amma daga can sai ta ja ni gidan Sahabi. Matarsa ta soya mana kifi ɗanye da aka kamo da safen, ta haɗa da yaji da albasa, ta tsaya a kaina sai na cinye. A can in baƙo ya bar kan kifi a kwano kamar ya raina masu gida ne, ni kuwa idon kifin nan yana kallona na rufe nawa na tauna.

Sahabi ya shigo daga gona, siriri ne mai sanyin magana, ya durƙusa ya gaida Yaya. Na tambaye shi ko zai yi rantsuwar. Ya ce, "Rantsuwa ba ta yi mani wuya, Malama, tunda ban yi ba. Maganar da nif faɗi bara, baki na, kuma na yi nadama. Amma ran da nid dahwa Alƙur'ani don Yaya shi yarda da ni, to daga ran nan ba ni da wa, shi ma ba shi da ƙane."

Akwai abin da ke damuna tun jiya. Na ce masa, mutum ya yi sati uku bai je gona ba a tsakiyar rani, yaya aka yi na tarar da irinsa kore, ruwa kwance a ciki? Sahabi ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce in ya gama ba gonarsa ruwa da asuba yakan juya tiyo ya ba ta Yaya Umaru, don ba zai iya kallon iri yana mutuwa ba. Ya ce, "Don Allah kar ki hwaɗi mashi. Cewa za shi yi wani abu nika zubawa." Gaskiyarsa ce. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ranar Alhamis na wuni ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Maman Ishaku ta leƙo karɓar takalminta, ta ga yadda na mayar da shi, ta ce in riƙe har in gama yaƙin. Bayan la'asar malamin Jos ya turo mini amsar masu zobban. Hoton da ke ciki ya ƙi buɗewa, na yi ta zagaya tsakar gida da waya a sama, sai a bakin rijiya ya sauko.

Na samu Yaya Umaru a zaure yana lazimi. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Yaya, ba gardama na zo yi ba. Karanta maka zan yi, ka kuma duba da kanka." Takardar ta ce tsuntsun mace ce. An sa mata zobban shekara tara da suka wuce, tana 'yar tsakuwa ba ta fara tashi ba, a makiyayar wani mai shanu can arewacin Turai. An jero wuraren da aka taɓa ganinta, ba a taɓa samun labarinta daga ƙasarmu ba sai yanzu, suna ta godiya. Har sun ce manomin yakan jinkirta yankan ciyawarsa sai 'ya'yan tsuntsayen sun tashi. Mu nan da gwangwani da majajjawa muke korar tsuntsu daga gona, su can jiransa ake yi ya gama renon 'ya'ya.

Na miƙa masa wayar. Ga wata tsohuwar Baturiya da hular sanyi, ta riƙe 'yar tsakuwa mai dogayen ƙafafu a tafin hannu tana dariya. Na ajiye kyamarata a gefe da hoton shekaranjiya. Ya sa yatsa yana bi: ja, fari, rawaya, tuta. Ya koma ɗaya hoton: ja, fari, rawaya, tuta. Ya sa na karanta masa lambar ƙarfen sau biyu.

"Shekara nawa kinka ce?"

"Tara."

Ya cire tabarau. "Shekara tara baya, Babanmu na da rai. Ba a raba gonar ba. Injin ma ba mu saye shi ba." Sai ya ɗago ya ce, amma a hankali wannan karon, "To mi yak kawo ta tawa gonar?"

Na ce, "Abu biyu, Yaya. Ba kowa a gonarka, ba mai korarsu. Sannan suna son ruwa marar zurfi, naka kuwa kullum a cike yake. Sati uku ba ka je ba. Wa kake tsammani yana ba irinka ruwa?"

Na karya alkawarin Sahabi, kuma ban yi da-na-sani ba. Yaya Umaru ya miƙo mini wayar. Ya ɗauki carbinsa ya ajiye. Na tashi na ba shi wuri, don bai kamata ƙanwar mata ta ga abin da ke shirin faruwa a fuskarsa ba.

Ranar Juma'a tun kafin rana ta fito ya ce mu shirya, har da Yaya. Wannan karon bai tsaya a mota ba. Ya naɗe wando ya shiga jirgin Baba Manu, ya sauka ya taka lakar nan ba takalmi. Sahabi yana can ya juya tiyo cikin irin wansa, da ya gan mu ya daskare. Na zaci za a yi dogon jawabi. Yaya Umaru ya tsaya a gabansa ya ce, "Injin ga na shan mai ƙwarai?" Sahabi ya ce, "Da dama, Yaya." Sai ya karɓi tiyon daga hannun ƙaninsa ya riƙe, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon ruwa yana zuba. Can ya ce, "Ka yahe mani." Sahabi ya ce, "Ni ma na yi baki."

Motsinmu ya tashi tsuntsayen. Suka yi sama suka zaga, farin layin fiffikensu yana walƙiya, suka sauka a ƙetaren iyaka, cikin gonar Sahabi, mai zobban a gaba. Sahabi ya bi su da kallo, ya juyo ya ce, "To Yaya, yau kuma ni kat turo ma ita?" Yaya Umaru ya yi dariya har ya zauna a kan gaɓar fangali, yana dariya yana share ido da hannun riga. Ni dai ajiyar zuciyar da na yi a wurin nan, tun daga Zariya nake ɗauke da ita.

Kafin hantsi Sahabi ya kira masu dashe, suka shigo tunda sun ga mai gona a ciki. Irin ya ɗan tsufa, Allah kaɗai ya san abin da zai bayar. Kawu da ya zo gidan bayan masallaci da shirin rantsarwa, tuwon shinkafa ya tarar da kan kifi. Da zan taho ranar Asabar, Yaya Umaru ya sa mini buhun bandar kifi a mota ya ce a gaida mai kiwon abin da ba nata ba, na san mun shirya.

Bayan na dawo da kwana biyu, mutanen can suka sake aiko da saƙo, suna so in rubuta musu ainihin wurin da na ga tsuntsuwar don su sa a cikin tarihinta. Na kira Yaya na ce ta tambayi mijinta me zan rubuta, tunda na gan ta a gonarsa na kuma gan ta a ta ƙaninsa. Ina jin muryarsa daga nesa yana cewa, "Ki ce mata ta rubuta gonar Umaru da Sahabi. Guda ɗaya ta."